Yadda ake tafiyar da gwamnatin ɗaliban injiniyanci a jami'o'in Najeriya

Duk wanda yake da ɗa ko 'ya a Tsangayar Injiniyanci ta wata jami'a a ƙasar nan ya san wani kuɗi da sau da yawa ba ya fitowa a takardar kuɗin makaranta, amma ba a shiga sabuwar shekarar karatu sai an neme shi. Kuɗin ƙungiyar tsangaya ke nan, wadda aka fi sani da NUESA, wato Ƙungiyar Ɗaliban Injiniyanci ta Jami'o'in Najeriya. Tana da rassa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Maiduguri, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, har zuwa Ilorin da Nsukka. Ba ko'ina ake amfani da wannan suna ba. A Jami'ar Legas, alal misali, ƙungiyar ɗaliban injiniyanci ULES ake ce mata. Sai dai ko da suna ya bambanta, ginin kusan iri ɗaya ne.

Ɗalibai kan kira wannan tsari gwamnati, kuma ba don wasa kawai suke faɗa ba. Yana da kundin tsarin mulki a rubuce, da shugaba zaɓaɓɓe, da majalisa mai kakaki da sandar girma, da kasafin kuɗi, har da hanyar tsige wanda ya saɓa ƙa'ida. Abin da ya raba shi da gwamnatin gaske biyu ne: ikonsa aro ne daga hukumar jami'a, kuma rayuwar kowace gwamnati shekarar karatu ɗaya ce tak. Wanda ya riƙe waɗannan biyun zai fahimci yawancin abin da ke faruwa a cikinta, mai kyau da marar kyau.

Matsayinta a tsakanin sauran ƙungiyoyi

Ɗalibin injiniyanci yana ƙarƙashin inuwar ƙungiyoyi uku a lokaci guda. A sama akwai ƙungiyar ɗaliban jami'a baki ɗaya, wadda a mafi yawan wurare ake kira SUG, a Zariya kuwa majalisar wakilan ɗalibai ce da ake kira SRC. Ita ke magana kan abin da ya shafi kowa: ruwa da wuta a ɗakunan kwana, motocin sufuri, ƙarin kuɗin makaranta. A ƙasa akwai ƙungiyoyin sassa, domin tsangayar injiniyanci ba gida ɗaya ba ce. Akwai sashen gine-gine da hanyoyi, da na lantarki, da na injuna, da na sinadarai, da na aikin gona, a wasu jami'o'in har da na ƙarafa da na albarkatun ruwa da na kwamfuta, kuma kowanne yana da tasa ƙungiyar da shugabanninta da kuɗinta. NUESA ce a tsakiya, tana haɗa sassan nan wuri ɗaya.

Ba ta mulkin ƙungiyoyin sassa kamar yadda gwamna yake da iko a kan kwamishinoninsa. Dangantakar ta fi kama da ta gwamnatin tarayya da jihohi, har da irin jayayyar da aka sani a kan wane ne ke da hurumin karɓar wane kuɗi. Haka nan akwai uwar ƙungiya ta ƙasa mai nata shugabannin, da tarukan da rassa ke tura wakilai, amma ɗalibin da ke aji biyu ba kasafai yake jin motsinta ba. Reshen jami'arsa shi ne gwamnatin da ya sani.

Kada a haɗa ta da Ƙungiyar Injiniyoyi ta Najeriya, NSE, wadda aka kafa a Landan a 1958, domin wannan ta waɗanda suka gama karatu ce. Kada kuma a haɗa ta da COREN, hukumar da dokar soja mai lamba 55 ta 1970 ta kafa don yi wa injiniyoyi rajista da sa ido a kan sana'ar. NUESA ba ta ba kowa lasisi, kuma katin zama ɗanta ba ya mayar da mutum injiniya.

Inda ikonta ya tsaya

Dalilin da ya sa jami'o'i ke riƙe linzamin ƙungiyoyin ɗalibai da ƙarfi yana da tarihi. A watan Afrilun 1978 ɗalibai suka yi zanga-zangar da ta ɗauki sunan Kanar Ahmadu Ali, kwamishinan ilimi na tarayya na lokacin, bayan an ƙara kwabo 50 a kuɗin abincin yini. An rasa rayuka a Legas da Zariya, gwamnatin Janar Obasanjo kuma ta haramta uwar ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NUNS. A 1980 aka kafa NANS a madadinta. Ranar 23 ga Mayun 1986 aka sake zubar da jini a Jami'ar Ahmadu Bello a rikicin da ya ɓarke zamanin shugabancin Farfesa Ango Abdullahi, abin da ya sa aka kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Manjo Janar Emmanuel Abisoye. Bayan shekara uku gwamnatin Janar Babangida ta fitar da doka mai lamba 47 ta 1989 kan harkokin ƙungiyoyin ɗalibai. Dokar ta ce shiga harkokin ƙungiya ganin dama ne, ta taƙaita ayyukan kowace ƙungiya a harabar makarantarta, ta kuma ba hukumomi ikon tsara su da haramta wadda aka ga tana barazana ga zaman lafiya.

A cikin wannan yanayi ƙungiyoyin tsangaya suke rayuwa har yau. Kowace shekara sai sun sabunta rajista a ofishin kula da harkokin ɗalibai, su miƙa kundin tsarin mulkinsu da sunayen shugabanni. Ba a kiran babban taro ko gayyato baƙo daga waje sai da izini a rubuce. Shugaban tsangaya shi ne uban ƙungiya, kuma yakan naɗa wani malami ya zama mai ba ta shawara. Sunan muƙamin yana da laushi, amma a aikace wannan malami ya fi mai shawara ƙarfi, tunda a wurare da yawa ba a cire ko sisi daga asusu sai da sa hannunsa. Idan zaɓe ya rikice ko aka yi zargin almundahana, hukuma tana iya rushe shugabannin ta naɗa kwamitin riƙo, ba tare da ta jira ra'ayin majalisar ɗalibai ba.

Akwai wani sakamako da ba a cika lura da shi ba. A lokutan da aka dakatar da babbar ƙungiyar ɗalibai a wata jami'a, sau da yawa ƙungiyoyin tsangaya da na sassa kan ci gaba da aiki, saboda ana kallonsu a matsayin na karatu, ba na gwagwarmaya ba. A irin wannan lokaci shugabannin tsangayoyi su ne muryar da ta rage wa ɗalibai a gaban hukuma.

Rassan gwamnatin

Kowane reshe yana da kundinsa, don haka ana samun bambanci a sunayen muƙamai da adadinsu. Amma a ƙa'ida, iko mafi girma yana hannun babban taron ɗalibai, wanda ya ƙunshi duk wanda ya yi rajista a tsangayar. Shi ke amincewa da gyaran kundi, kuma a gabansa ya kamata shugabanni su karanta rahoton abin da suka yi. A zahiri, tara adadin da kundi ya gindaya kafin taro ya halatta aiki ne ja, musamman ga ɗaliban da darasi da ɗakin gwaji da zanen injiniya suka cinye musu yini. Saboda haka ikon yakan zube a hannun rassa biyu da ke ƙasa.

Na farko shi ne majalisar zartarwa. Akwai shugaba da mataimakinsa, da babban sakatare mai riƙe takardu da rubuta bayanan zama, da sakataren kuɗi, da ma'aji, da jami'in hulɗa da jama'a. Sai daraktoci: na harkokin karatu, na jin daɗin ɗalibai, na wasanni, na bukukuwa. Raba aikin sakataren kuɗi da na ma'aji ba ado ba ne. Ɗaya ke rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, ɗayan ke tsaron kuɗin, domin kada alƙalami da makulli su haɗu a hannun mutum ɗaya. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa barin yaron shago ya riƙe littafi da aljihun tebur gaba ɗaya ya san hikimar wannan.

Na biyu shi ne majalisar wakilai, wadda wasu rassan ke kira majalisar dattawa, 'ya'yanta kuma su riƙa amsa sunan sanata. Ana zaɓo wakilai daga kowane sashe, wani lokaci daga kowane aji na kowane sashe, sannan su zaɓi kakaki da mataimakinsa da akawu da bulaliyar majalisa a tsakaninsu. Aikinta amincewa da kasafin kuɗi, da tantance waɗanda shugaba ya naɗa, da kiran kowane jami'i ya zo ya yi bayani, da dakatarwa ko tsigewa, wanda galibi yake buƙatar kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa. Mai kallon zamanta zai ga an kwaikwayi Majalisar Tarayya har a lafazi: ana gabatar da ƙudiri, ana mara masa baya, kakaki na buga guduma. Wani lokaci kwaikwayon yakan wuce gona da iri, a shafe awa biyu ana gardama a kan wanda ya shigo bai rusuna wa sandar majalisa ba, alhali rahoton kuɗi na kan tebur ba wanda ya buɗe shi.

Reshe na uku, na shari'a, shi ne mafi rauni. Wasu kundayen sun tanadi kwamitin da zai fassara tsarin mulki ya saurari ƙorafin zaɓe, wasu kuwa sun bar wannan ga majalisa ko ga malami mai ba da shawara. Manyan laifuffuka irin su satar jarrabawa ko faɗa ko shiga ƙungiyar asiri ba huruminsa ba ne ko kaɗan. Waɗannan na kwamitin ladabtarwa na jami'a ne.

A ƙarƙashin duka akwai wakilin aji, wanda ba ya cikin jerin masu rantsuwar kama aiki amma ya fi kowa gumi. Shi malami ke kira idan an sauya lokacin darasi, shi ke tattara aikin gida, shi ke kai kukan aji gaba. Shugaban da bai jawo wakilan aji a jika ba, sanarwarsa ba ta wuce allon da aka manna ta.

Zaɓe

Karatun injiniyanci shekara biyar ne ga wanda ya shiga ta jarrabawar JAMB, kuma wannan tsawo yana tsara siyasar tsangayar. A yawancin jami'o'i ɗaliban aji huɗu kan bar makaranta na kusan wata shida domin horon sanin makamar aiki a masana'antu, shirin SIWES, wanda Asusun Horar da Ma'aikata na ITF mai hedikwata a Jos ya ƙirƙiro a 1973. Ke nan a rabin kowace shekara, ajin da ya fi dacewa da riƙe ƙungiya ba ya nan. Shugabanci kan faɗa hannun ɗan aji biyar, wanda ke fama da aikin binciken kammala digiri, yana kuma ƙirga kwanakin da suka rage masa. Yana hawa kujera yana shirin sauka.

Kwamitin zaɓe mai zaman kansa, wanda majalisa ko shugaban tsangaya ke kafawa, shi ke sayar da takardun tsayawa takara, ya tantance 'yan takara. Sharuɗɗan da aka fi samu su ne matsakaicin maki da bai gaza wani mizani ba, a wasu wuraren 2.50 cikin 5.00, a wasu 3.00 ko sama da haka, da shaidar biyan kuɗin ƙungiya, da rashin tabon ladabtarwa. Wasu jami'o'in kan ƙara da tantancewar sashen tsaro na makaranta. Ana sukar sharaɗin maki da cewa hanya ce ta tace masu tsaurin ido. Akwai ƙamshin gaskiya a sukar, amma kuma wanda karatunsa ke tangal-tangal, ɗora masa shugabancin dubban mutane ba gata aka yi masa ba.

Kafin ranar zaɓe akwai daren bayyana manufofi, inda kowane ɗan takara ke tsayawa gaban jama'a ya faɗi abin da zai yi, a yi masa tambayoyi, wani lokaci a yi masa ihu. Jami'o'i da dama sun koma kaɗa ƙuri'a ta intanet da lambar rajistar ɗalibi, abin da ya rage satar akwati amma ya buɗe sabuwar gardama a kan wanda ke riƙe da na'urar da ake tattara sakamako.

Babu jam'iyyu a hukumance, sai dai duk wanda ya zauna a jami'a ya san ba a cin zaɓe da manufa kaɗai. Manyan sassa masu yawan ɗalibai suna iya danne ƙanana, don haka wasu rassan suka ɗauki tsarin karɓa-karɓa tsakanin sassa, a rubuce ko a al'adance. Ƙungiyoyin 'yan jiha ɗaya da na addini su ma suna da ta cewa wajen tara ƙuri'a. Haɗarin da ya fi girma shi ne kuɗin waje. Ɗan takarar da wani ɗan siyasa ya buga wa fastoci da riguna, da wuya ya manta da shi bayan rantsuwa, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Mata kaɗan ne a azuzuwan injiniyanci, a Arewa ma abin ya fi fitowa fili, kuma hakan na bayyana a jerin shugabanni. A wasu rassan al'ada ta bar musu kujerar mataimakin shugaba ko ta ma'aji. Wannan ya tabbatar musu da wurin zama, amma ya kuma zame tamkar iyakar da ba a tsammanin su tsallake. Ƙungiyar Ƙwararrun Injiniyoyi Mata ta Najeriya, APWEN, wadda Injiniya Joanna Maduka ta jagoranci kafawa a 1982, tana da rassan ɗalibai a jami'o'i da dama, kuma nan ne ɗalibai mata da yawa ke fara koyon riƙon ƙungiya.

Kuɗi: inda ake gane gaskiyar lamari

Hanyoyin samun kuɗin ƙungiyar sanannu ne. Babbar hanya ita ce kuɗin shekara da kowane ɗalibi ke biya, inda sababbin shiga kan biya fiye da tsofaffi saboda ana haɗa musu da riga ko littafin jagora ko katin shaida. Sai kuɗin takardun takara, da hayar wasu 'yan shaguna ko wurin buga takardu idan ƙungiyar na da su, da gudummawar tsofaffin ɗalibai da kamfanoni lokacin bukukuwa. A wasu jami'o'in hukuma ce ke karɓar kuɗin tare da na rajista ta sakar wa ƙungiya daga baya, a wasu kuma ɗalibi ke biya kai tsaye a asusun ƙungiya ya kawo shaidar banki a ba shi rasit.

Adadin da mutum ɗaya ke biya ba ya da yawa, shi ya sa iyaye ba su cika tambaya ba. Amma a yi lissafi na misali kawai: tsangaya mai ɗalibai 3,000, kowa ya ba da Naira 2,000, an tara Naira miliyan 6 ke nan. Wannan jari ne da zai buɗe shago a Kantin Kwari, ga shi a hannun matasan da yawancinsu ba su taɓa riƙe asusun da ya wuce na kuɗin abincinsu ba, kuma waɗanda za su watse cikin wata goma sha biyu.

A rubuce, matakan tsaro suna da kyau. Majalisar zartarwa ta tsara kasafi, majalisar wakilai ta duba ta amince, kowace fitar kuɗi ta samu sa hannun mutum biyu ko uku ciki har da malami mai ba da shawara, sannan kwamitin binciken kuɗi ya bi rasit ɗaya bayan ɗaya kafin ƙarshen wa'adi. Inda abin ke lalacewa ma sananne ne. Akwai karɓar kuɗi a hannu ko ta asusun wani jami'i na ƙashin kansa da sunan sauƙaƙawa. Akwai kwangilar riguna da littattafai, wadda ita ce mafi tsoka, a ba aboki ba tare da an nemi farashi daga wurare biyu ko uku ba. Akwai alawus ɗin zaman majalisa, wanda kan zama farashin amincewa da kasafi. Akwai kuma jinkirta binciken kuɗi har sai bayan jarrabawar ƙarshe, lokacin da wanda za a tambaya ya riga ya naɗe tabarmarsa. Jami'o'in da suka gane wannan dabara kan riƙe takardar sallamar shugabannin ƙungiya har sai sun miƙa rahoton kuɗi, kuma a ganin mai wannan rubutu babu matakin da ya kai shi tasiri.

Akwai wata tambaya da ta daɗe ba ta samu amsa ɗaya ba: shin biyan kuɗin dole ne? Dokar 1989 ta ce shiga harkokin ƙungiyar ɗalibai ganin dama ne. Amma a wurare da yawa ana neman rasit ɗin tsangaya da na sashe kafin a sa hannu a takardar rajistar darussa ko ta sallama, wanda ya mayar da shi wajibi a aikace. Masu kare wannan suna cewa kowa na amfana da darussan ƙari da kujerun da aka gyara, don haka kowa ya biya. Hujja ce mai ƙarfi, amma tana da sharaɗi: wanda aka tilasta wa biya yana da haƙƙin ganin lissafi. Mahaifin da ya tura kuɗin yana iya ce wa ɗansa ya nuna masa rasit mai lamba da hatimi, ya kuma tambaye shi ko an taɓa manna rahoton kuɗin bara a allon sanarwa. Ɗalibi kuwa yana da damar rubuta wa wakilin sashensa a majalisa, idan bai samu amsa ba ya wuce ga malami mai ba da shawara, daga nan zuwa ofishin harkokin ɗalibai.

Abin da take yi wa ɗalibi

Aikin da ya fi kowane amfani shi ne wanda ba a cika ɗaukar hotonsa ba: darussan ƙari da manyan ɗalibai ke ba ƙanana da yamma ko a ƙarshen mako. A aji biyu, inda dukkan sassa ke haɗuwa a manyan darussa irin su lissafin injiniyanci da ilimin ƙarfin kayan gini da na zafi da motsin ruwa, ɗaruruwan ɗalibai ne a gaban malami ɗaya, kuma nan ne da yawa ke fara tuntuɓe. Daraktan karatu mai himma, wanda ya tsara jadawali ya tattara tambayoyin shekarun baya, ya fi wanda ya kawo mawaƙi daren liyafa amfani nesa ba kusa ba, ko da yake na biyun aka fi tunawa.

Sai tarbar sababbin ɗalibai, da gasar ƙwallo ta kofin shugaban tsangaya, da Makon Injiniyanci, inda ake baje kolin abin da ɗalibai suka ƙera, a gayyato injiniyoyi daga ma'aikatu su yi lacca. Akwai ziyarar gani da ido zuwa wurare irin su madatsun ruwa na Kainji da Shiroro ko matatar mai ta Kaduna, wadda ga wasu ita ce karon farko da za su ga injin da suka shekara uku suna zana shi a takarda. Wasu rassan kan taimaka wajen nemo wa 'yan aji huɗu gurbin horon masana'antu ta hanyar tsofaffin ɗalibai, wanda ba ƙaramin taimako ba ne a yankin da masana'antu da yawa suka rufe. Asusun jin daɗi kuma, inda yake aiki, kan tallafa wa wanda rashin lafiya ko rasuwar mahaifi ta rutsa da shi a tsakiyar zango.

A gaban hukuma, aikinta kai koke ne da bin sawu: jarrabawa biyu sun faɗo lokaci ɗaya, sakamako ya ɓace, injin ɗakin gwaji ya shekara a lalace. Ba ta da ikon sauya maki ko hukunta malami ko taɓa manhaja. Akwai dai lokaci guda da muryar ɗalibai ke yin nauyi fiye da kullum, wato sa'ar da tawagar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ko ta COREN ta zo tantance kwasa-kwasai, domin masu tantancewa kan gana da ɗalibai su ji ta bakinsu. Tun da aka karɓi Najeriya a matsayin mamba ta wucin gadi a Yarjejeniyar Washington a 2023, wadda ke sa ƙasashe su amince da digirin injiniyancin juna, ingancin wannan tantancewa ya ƙara shafar makomar duk mai riƙe da takardar. A irin wannan ziyara shugabannin ɗalibai kan shiga tsaka mai wuya. Idan suka fallasa gazawar ɗakunan gwaji, kwas ɗinsu na iya rasa amincewa, su ne kuma za su fara shan wahala. Idan suka rufa asiri, injin zai ci gaba da zama a lalace.

Miƙa mulki

Wa'adi shekarar karatu ɗaya ce, amma shekarar karatu a Najeriya ba kullum take wata goma sha biyu ba. Yajin aikin ASUU na 2020 ya ɗauki kusan wata tara, na 2022 kuma ya kama daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. A irin wannan hali shugabanni kan zarce ba tare da zaɓe ba, kasafin da aka yi da farashin bara ya zo ya tarar da na bana.

Ko ba yajin aiki, raunin da ya fi damun ƙungiyar shi ne mantuwa. Kundi kan bukaci kowane jami'i ya rubuta takardar miƙa aiki, ya lissafa kadarori, ya sauya masu sa hannu a banki. Sau da yawa abin da sabon sakatare ke gada bai wuce hatimi da makullin ofis ba, har lambar sirrin shafin ƙungiya na Facebook kan tafi da wanda ya buɗe shi. Kowace gwamnati sai ta fara daga tushe, ta kuma zaɓi aikin da za a gama a sa masa allo mai sunanta kafin ta sauka. Shi ya sa ake yawan ganin kujerun siminti da allunan sanarwa, ba a cika ganin aikin da ke buƙatar shekara uku ba.

Wannan matsala ba ta Najeriya kaɗai ba ce, kuma akwai inda aka yi mata dabara. A Kanada, inda ƙungiyar ɗaliban injiniyanci ta Jami'ar Toronto take tun 1885, Jami'ar Waterloo tana da tsarin da ɗalibai ke yin wata huɗu a aji, wata huɗu a wurin aiki. Maimakon ƙungiya ta mutu duk lokacin da rabin jama'arta suka tafi, sai suka raba ta gida biyu, A da B, kowanne da shugabanninsa, suna karɓar ragama bi da bi gwargwadon wanda ke makaranta. A 1990 kuma ɗaliban tsangayar suka kafa wani asusu na dindindin da kowa ke zuba gudummawar ganin dama a kowane zango. Ba a taɓa uwar kuɗin, ribar kawai ake kashewa wajen sayen kayan ɗakunan gwaji da tallafa wa ayyukan ɗalibai, kuma wakilan azuzuwa ne ke zama su tantance buƙatun da aka gabatar kafin a raba.